"Yaya, Wannan Ba Ni Ba Ce": Magana Ga Masu Ɗaukar Hoto A Cikinmu

 

Ban sani ba ko kun lura, a 'yan shekarun nan duk zumuntar matasan da mutum ya leƙa, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Numan zuwa Zuru, sai ya tarar da mutum biyu ko uku rataye da kyamara. Wasu a sashen yaɗa labarai na ikilisiya suka koya, ana ba su kyamarar majami'a su ɗauki sujadar Lahadi. Wasu kuma zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa ne ya ishe su, suka ranci kuɗi suka sayi ta hannu. Ni ina cikin kashi na biyu, kuma ban yi da-na-sani ba, domin da ita nake biyan kuɗin haya, da ita kuma na taimaka wa ƙanwata ta gama makaranta. To amma akwai darasi guda da babu wanda ya koya mini, ko a YouTube ko a wurin maigidan da na yi wa yaron shago. Darasin shi ne abin da za ka yi idan ka kwana kana gyaran hotunan mutum, ka tura masa, kana jiran ya ce madalla, sai saƙo ya shigo cewa, "Gaskiya ban yi kyau ba."

Duk mai sana'ar nan ya san yadda wannan magana take sukan zuciya. Na ga 'yan'uwa suna mayar da martani iri biyu, kuma duka biyun na taɓa yi. Wani sai ransa ya ɓaci, ya ce ai kyamara ba ta ƙarya, yadda Allah ya yi ki haka ta ɗauko ki. Wani kuma ko musu ba ya yi, sai ya buɗe Photoshop ya rage hanci, ya matse ƙugu, ya share tabo, ya ƙara wa fata haske har mahaifiyar mai hoton ta kasa gane 'yarta. A ganina dukansu sun yi wa kwastoma rashin adalci, kuma na biyun, wanda ake ɗauka shi ne mai kirki, ya fi yin ɓarna. Ga abin da ya sa na ce haka.

Shekara uku da suka wuce wata 'yar'uwa daga ƙungiyar mawaƙa ta wata ikilisiya ta ɗauke ni in yi musu hotunan kafin aure, ita da saurayinta. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, ga wushirya, ga yawan dariya. Muka fita wajen duwatsu da yamma muka yi kusan awa biyu. Bayan kwana uku na tura mata. Sai da dare ya yi ta kira ni, muryarta a shaƙe, ta ce, "Yaya, wannan ba ni ba ce. Na yi baƙi da yawa. Don Allah ka ɗan haska ni." Ban tambaye ta komai ba. Na ce ba damuwa ƙanwata, aikin minti goma ne. Na haska ta. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ta sa hotunan a Facebook da jikin katin gayyata, mutane suka yi ta zuba yabo. Wannan ya ce kin yi fes, wancan ya ce aure ya karɓe ki tun ba a ɗaura ba, wata kuma ta tambaya wane mai take shafawa. Ni ma na ji daɗi, har sababbin kwastomomi biyu na samu ta dalilin hotunan.

Ranar ɗaurin aure na iso da kyamarata, na kalli amarya, gabana ya faɗi. Kumatunta sun yi ja kamar an ƙona, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, sauran hannun kuma ya kwaile. Hodar da aka lafta mata ba ta iya rufewa ba. Wata uku ne kawai tsakani. Daga baya ƙawarta ta gaya mini cewa wata daga dangin ango ta taɓa faɗa a gabanta, wai duk matan garin nan ya rasa wadda zai ɗauko sai wannan baƙar. Maganar ta zauna mata a rai. Sai ga hotona ya nuna mata wata mace mai irin fuskarta wadda kowa yake yabo, ita kuwa ta shiga kasuwa neman man da zai kai ta can kafin ranar biki. Ban ce ni na sayo mata man ba. Amma ni na zana mata inda za ta nufa, kuma na karɓi kuɗi a kai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da na gano da na koma gida na buɗe ainihin hotunan da ban taɓa ba. Ashe tana da gaskiya. Hotunan sun fi ta duhu. Saurayin farin kaftani ya sa, rana kuma tana bayansu, ni kuwa na bar kyamara ta auna haske da kanta. Laifina ne tun farko. Da na tsaya na duba, da na ce mata, ƙanwata, ni ne ban ɗauka daidai ba, bari in mayar da launinki yadda yake, ko mu koma gobe mu sake. Maimakon haka na bar ta da tunanin cewa fatarta ce matsalar.

Saboda haka abu na farko da nake so mu cire daga bakinmu shi ne zancen nan na cewa kyamara ba ta ƙarya. Tana yi, kuma ga mai baƙar fata ta fi yi. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, an gina shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya shi wuri ɗaya, toka-toka ne matsakaici. Idan farar rigar amarya ko fararen rigunan zumuntar mata ko farin sararin sama ya cika hoton, sai ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya rage shi. Rigar ta fito tsaf, fuskar mai rigar kuma ta nutse. Wanda ya taɓa ɗaukar mawaƙa sanye da farare a tsakar rana ya san abin da nake faɗi.

Wannan matsala tana da tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da sunan matar da aka fara ɗauka. Da fatarta aka riƙa daidaita launin injin wanke hoto. In fatar Shirley ta fito daidai, an gama, sauran jama'a kowa ya ji da kansa. Wata malama a jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin lamarin, ta gano cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa yake nuna launin ruwan ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a tallace-tallace. Sai a 1995 aka fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Ku tuna da tsofaffin hotunan kalar da ke cikin albam ɗin iyayenmu, inda haƙora da fararen ido kawai ake gani. Ba haka iyayenmu suke ba. Ko a zamanin waya ma, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Tecno ta karɓu a Afirka shi ne kamfanin da ke ƙera ta ya daidaita kyamarar don baƙar fata, Google kuwa sai a 2021 ya fito da irin nasa gyaran a wayar Pixel 6.

Ga kuma batun nisa. A 2018 wani likitan tiyatar fuska a jami'ar Rutgers ta Amurka, Boris Paskhover, da abokan aikinsa suka lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana sa hanci ya ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, in an gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Abin da ya fi kusa da gilashin kyamara shi yake kumbura. Shi ya sa masu hoton fuska suke ja da baya su yi amfani da gilashi mai lamba 50 ko 85. Haka nan in ka jera mutum ashirin a ɗaki matsattse ka buɗe gilashi mai faɗi, Maman da ke can gefe za ta fito da ƙibar da ba tata ba. In ka durƙusa ka ɗauki mutum daga ƙasa, ka ƙara masa haɓa ta biyu. Ranar tsaka tana sa ramin ido ya yi duhu kamar wanda ya kwana bai yi barci ba. Fitilun nan masu launi da muke so a kan bagadi lokacin taron matasa suna mayar da fata shuɗiya ko kore. Duk waɗannan aikin mai kyamara ne, babu ruwan fuskar kwastoma.

Akwai kuma wanda ba laifin kowa ba ne. Fuskar da ka fi sani a duniya ita ce ta cikin madubi, ita kuwa a juye take, dama ta koma hagu. Babu mutumin da ɓangarorin fuskarsa biyu suka yi daidai cif. Idan ka ga hoto, ɗan karkacewar hancin da ka saba gani a hagu ya koma dama, sai ka ji wani abu bai yi ba, amma ka kasa cewa ga shi. A 1977 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka suka gwada wannan. Suka nuna wa mutane hotonsu iri biyu, na ainihi da wanda aka juya kamar madubi. Masu hoton suka fi son wanda aka juya, abokansu kuma suka fi son na ainihi. Kowa abin da idonsa ya saba da shi ya zaɓa. Tun da na san wannan, in wani ya ce hoton bai yi kama da shi ba, nakan juya masa a kwamfuta ya gani. Sau da yawa sai ya yi dariya ya ce, yauwa, ga ni nan.

Sai dai a yau madubi ma ya samu kishiya. Yarinyar da take ɗaukar kanta sau goma a rana da filtar Snapchat, ko da wayar da take murje fata tun ba a ce mata ba, fuskar da ta saba gani ba ta madubi ba ce, balle ta ainihi. A 2018 wani likitan kwalliya a Ingila, Tijion Esho, ya ja hankalin duniya ga masu zuwa wurinsa da hoton filta suna neman a yi musu aiki su koma haka. A 2021 kuma takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar suka nuna kamfanin da kansa ya san Instagram yana ƙara wa 'yan mata da yawa ƙin jikinsu. Irin wannan ido ne yake kallon hoton da ka tura. Kai kana gasa da wata fuska da babu ita a duniya.

Kun ga ke nan "ban yi kyau ba" magana ce mai ɗauke da abubuwa da yawa, kuma ba ka isa ka san wanne ake nufi ba sai ka tambaya. Ni yanzu ba na amsa irin wannan ƙorafi a rubuce ta WhatsApp, domin a rubuce kowa jarumi ne, kuma ba ka jin murya. Nakan kira, ko in ce mu haɗu bayan sujada. Tambayata ɗaya ce: "Nuna mini wurin da bai yi miki ba." Sai in yi shiru. Shirun nan yana da wuya, domin bakinka yana ƙaiƙayi ka kare aikinka, ka ce ai kowa ya yaba. Ka daure. Kada kuma ka yi saurin cewa haba, ai kin yi kyau. Ta riga ta gaya maka abin da take ji, in ka musa, ka nuna mata ba ka saurare ta ba ne.

Amsar da za ta biyo baya ita ce za ta nuna maka hanya. In ta ce fuskata ta yi duhu, ko idona ya shige, ko hannuna ya yi girma, koma ka duba aikinka da gaskiya kafin ka duba jikinta. In kai ne ka kuskure, ka faɗa da bakinka, ka sake ɗauka kyauta. Awa ɗaya da kuɗin mota ba su kai sunanka ba. In ta ce ɗaurin ɗankwalin bai zauna ba, ko ba ta son yadda ta yi dariya, wannan zaɓi ne, sai ka buɗe mata sauran ta zaɓa da kanta. Na sha mamakin wannan. Hoton da nake alfahari da shi saboda haske ya faɗa daidai, mai shi ta wuce shi ko kallo na biyu babu, ta ɗauki wani da na kusa sharewa, domin a nan ne ta ga kanta.

Mafi yawan rigimar ma ana iya kashe ta tun kafin ta taso. Kafin in danna komai nakan tambayi mutum ko akwai ɓangaren da ya fi so, ko akwai abin da ba ya so ya fito. Bayan ɗauka biyar ko shida nakan juya masa bayan kyamara ya gani, in akwai gyara mu yi a wurin. Kuma tun lokacin karɓar kafin alƙalami nakan faɗa a fili hotuna nawa zan gyara, irin gyaran da nake yi, da irin wanda ba na yi. (A nan bari in ce wani abu a gefe. Akwai masu ƙorafin da ba fuskarsu ce ta dame su ba, cikon kuɗin ne. Za ka gane su, domin hoton da suka ce bai yi ba shi ne a kan WhatsApp ɗinsu. Kasancewa ɗan'uwa a ikilisiya ɗaya ba ya nufin a ci guminka. Ka nemi haƙƙinka cikin ladabi, kuma kada ka saki manyan hotunan sai an cika.)

To ina iyakar gyara? Ga ma'aunin da nake bi, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, masu sana'ar da yawa suna bin sa. Abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, ina cire shi: ƙurjin da ya fito ranar biki, jan ido na rashin barci, maiƙon goshi, zaren da ya maƙale a riga, janbakin da ya taɓa haƙori. Waɗannan ba mutumin ba ne, baƙi ne da suka zo ranar. Abin da yake nasa kuwa, launin fata, siffar hanci, wushirya, faɗin jiki, tsagar gado, furfura, ba na taɓawa. In tabo ne na wani hatsari, mai shi ya roƙa, mukan yi magana, wani lokaci in rage ƙarfinsa kaɗan ba tare da na shafe shi ba. Launin fata dai ba na sayar da shi ko nawa za a biya. Na riga na ga inda hanyar take kaiwa. Ba a banza hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023 ba. Wasu mayukan suna ɗauke da makuri mai lalata ƙoda, wasu da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Duk hoton da muka haska muka saki, talla muka yi wa masu sayar da su, kyauta.

Na san abin da wasunku za su ce, domin wani abokina a sana'ar ya faɗa mini ido da ido. Ya ce, fuskarta ce, kuɗinta ne, kai wane ne da za ka hana? Kuma in ka ƙi, shagon gaba za ta je a yi mata. Ya ƙara da cewa, ita kwalliyar da ake biyan dubbai a yi wa amarya, da gashin ido na kanti, ba canza kama ba ne? Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Gaskiya ne na rasa ayyuka saboda wannan, har da wani babban biki da na sa rai a kansa. Gaskiya ne kuma babu wanda ya naɗa ni alƙalin fuskar kowa. Amma kwalliya a jikinta take, kowa ya gan ta da ita ranar, da dare kuma ta wanke ta koma kanta. Hoton da aka canza yana nan rataye a falo shekara talatin yana ba da shaidar abin da bai taɓa faruwa ba, kuma kullum ta wuce sai ta gwada kanta da shi ta ga ta gaza. Ko ƙasashen da suka fi mu harkar tallace-tallace sun fara ganin illar. Tun 2017 doka a Faransa ta tilasta a rubuta a jikin hoton talla in an canza siffar jikin wanda ke ciki, Nowe ma ta bi sahu a 2022. Tana da 'yancin zuwa shagon gaba. Ni ma ina da 'yancin cewa ba da hannuna ba.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya mai da shi lasisin rashin tausayi. A 1954 'yan majalisar Birtaniya suka biya wani shahararren mai zane, Graham Sutherland, ya zana Winston Churchill don cikarsa shekara 80. Mutumin ya zana abin da ya gani: tsoho ya zube a kujera, fuska a murtuke. Masana da yawa sun yaba aikin. Churchill kuwa ya tsane shi, aka kai zanen gidansa aka ɓoye, daga baya aka ƙone shi, kuma sai bayan rasuwar matarsa duniya ta san abin da ya faru. Ko Sutherland ya yi daidai ko bai yi ba, masana su yi ta muhawara. Mu dai ba don gidan tarihi muke aiki ba. Mutum ya zo ne da kuɗinsa yana so ya samu abin da zai nuna wa jikokinsa. In ka ba shi abin da zai tura ƙarƙashin gado, ba ka yi masa aiki ba, ko da kowane layi na fuskarsa daidai ne.

Wanda nake ganin ya gane wannan sana'a shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya. Yana ajiye kwat da hula da agogo da rediyo da babur, wanda yake so ya ara ya ɗauki hoto da su. Fim yana da tsada, don haka yawanci sau ɗaya yake dannawa. Duk ƙoƙarinsa kafin dannawar yake: yadda za ka zauna, inda za ka sa hannu, ɓangaren da za ka juya. Ku nemi hotunansa a intanet ku gani. Talakawan gari ne, baƙaƙe, wasu da tsaga a fuska, amma kowa ya fito kamar ɗan sarauta, kuma kowa shi ne. Ba shi da Photoshop, yana da haƙurin kallon mutum har ya gano inda kyansa yake. Mu da muke danna ɗari uku a awa ɗaya muna cewa za mu gyara a kwamfuta, anya ba lalaci ne muke kira fasaha ba?

Bara wata Mama daga zumuntar mata ta zo in ɗauke ta don littafin shirin godiyar cikarta shekara 70. Tana da tsagar gado a kumatu biyu. 'Yarta da ta kawo ta ta ja ni gefe ta ce in share tsagar da tamojin, wai kada a ga Mama ta tsufa. Na ce bari mu tambayi mai fuskar. Na durƙusa na ce, "Mama, ana so in cire miki zanen nan a hoto, me kika ce?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in ka cire, wa za a ce ya cika saba'in ɗin? Da wannan zanen babanta ya gan ni ya aure ni." Muka zaunar da ita kusa da taga, na sa yaro ya riƙe farin kwali ta ɗaya gefen don haske ya dawo kan fuskar, na sa ta ba ni labarin ranar aurenta, tana cikin dariya na danna. A hanyar komawa gida sai na tuna da Toma. Ubangijinmu ya tashi daga matattu da jiki mai ɗaukaka, amma bai shafe gurbin ƙusoshin ba, kuma da su ne almajirin da ya yi shakka ya gane shi. Ban faɗa wa 'yar Mama wannan ba, don ba wa'azi ta zo ji ba.

Wannan ma ina so mu kiyaye. Idan 'yar'uwa tana kuka a kan fuskarta, ba lokacin jefa mata aya ba ne kamar ana biyan bashi. Ta san ayoyin, wataƙila ta fi ka haddace su. In ka lura abin ya wuce hoto, misali duk wanda ka nuna mata sai ta ce ta tsani kanta, ko ta daina cin abinci, ko ta daina shiga mutane, to ya fi ƙarfin kyamara da kwamfuta. Ka gaya mata a hankali cewa maganarta ta dame ka, ka tambaye ta ko za ta yarda ta zauna da Maman Fasto ko wata babbar da ta amince da ita, in da hali har da likita. Kuma abin da ta faɗa maka ya tsaya a wurinka. Kada ya zama labarin da za a yi dariya a kai a ɗakin sashen yaɗa labarai.

Amaryar nan kuwa, sai bayan shekara guda na samu ƙarfin halin neman ta. Na gaya mata gaskiya cewa hotunan farko ni ne na ɗauke su da duhu, kuma bai kamata in haska ta fiye da yadda take ba. Na nemi gafararta. Ta yi shiru, can ta ce ta daina shafa man tun da ta samu ciki, wata nas a wurin awo ce ta tsorata ta, amma kumatun ba su gama komawa daidai ba. Na ce ina riƙe da bashin hoto guda, duk ranar da ta shirya. Ba ta zo ba tukuna, ni kuma ban matsa mata ba.

Ranar Asabar mai zuwa bayan share majami'a zan zo da kyamara da farin kwali. Duk mai ɗaukar hoto a cikinmu, ko da waya yake yi, ya tsaya mu gwada auna haske a kan fuska maimakon riga. A zo da farin kaftani ɗaya, kuma muna neman mutum biyu da za su yarda a gwada a kansu.